Wanda Ya Ajiye Kare ko Kyanwa Ya Ɗauki Amana

'Ya'yana da ƙannena na Basirka, da na Fagam da Farin Dutse da Kila da Sara, har zuwa Birnin Kudu, nasihata a yau a kan wasu dabbobi biyu ne da ke zaune tare da mu a gida, amma ba kasafai ake sa su cikin lissafin gida ba. Magidanci ya san yawan tumakinsa da awakinsa, ya san watan da aka yi wa shanunsa allura. Uwargida ta san kazar da ke kwanci da wadda ta daina ƙwai. Amma in ka tambayi mai kare yaushe aka yi wa karen nan rigakafi, ko me ya ci jiya, ko a ina ya kwana, sai ya dube ka kamar ka zo da wasa. Ranar da kare ya kamo zomo ko ya kori ɓarawo, kowa ya san mai shi. Ranar da ya ciji ɗan maƙwabci, sai a ce ai karen gari ne. Haka kyanwa, ana son ta a lokacin kaka sa'ad da hatsi ya cika rumbu, in ta haihu kuma a kwashe 'ya'yan a buhu a kai bayan gari. Wannan rabin mallaka, wato a ci moriyar dabba a ƙi ɗaukar nauyinta, ita ce tushen kusan duk wata ɓarna da ake ɗora wa kare da kyanwa a garuruwanmu. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, mutum yana da zaɓi biyu masu kyau, ko ya riƙe dabba da haƙƙinta ko kuwa kada ya ajiye ta sam. Tsayawa a tsakiya zalunci ne ga dabbar, kuma haɗari ne ga yaran unguwa.

Mu fara da dalilin da ya sa ake ajiye su, domin a nan haƙƙinsu ya samo asali. Maharbi da ɗan farauta sun san darajar kare in rani ya yi aka shiga daji. Bafulatani makiyayi ya san wanda yake farkar da ruga in wani abu ya tunkari garke da tsakar dare. Manomin da gonarsa ke bakin daji ya san wanda yake tsare masa amfani. Kyanwa kuwa aikinta yana cikin ɗaki da gindin rumbu, inda ɓera ke cin gero da dawa da gyaɗa da riɗin da aka sha wahalar nomawa, ya kuma ɓata abin da bai ci ba da fitsari da kashi. Wannan fitsarin ba ƙazanta kawai ba ne. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da shi, kuma Jihar Bauchi da muke iyaka da ita tana cikin jihohin da cutar ta fi addaba a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin hanyoyin kariyar da ta lissafa, ta ambaci adana hatsi a mazubi mai murfi, da nisanta shara daga gida, da tsabtace muhalli, da kuma ajiye kyanwa. Ashe ke nan waɗannan dabbobi ma'aikata ne a gidajenmu. Wanda kuwa yake yi maka aiki dare da rana ba tare da ya iya buɗe baki ya nemi ladansa ba, kai ne za ka tuna masa da shi.

Na san abin da wasunku za su fara cewa, ai kare najasa ne, addini bai yarda a kula shi ba. Wannan magana tana buƙatar a warware ta da ilimi. Gaskiya ne hadisi ya tabbata cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, ladansa yana raguwa kowace rana, kuma an yi umarni a wanke ƙwaryar da kare ya sa baki sau bakwai. Amma ku lura, hadisin da ya yi gargaɗin shi ne dai ya keɓe maharbi da makiyayi da manomi, waɗanda su ne mafi yawan masu kare a ƙasar Gwaram. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo in an ambaci sunan Allah. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, duk mai rai tsarkakke ne har da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar nan bin umarni ne na ibada, ko da yake Shafi'iyya suna ganin najasa ne. Sa'an nan ko da an ɗauka najasa ne, wa ya ce najasa tana halatta zalunci? Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sun kuma ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ita kyanwa ma, hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya nuna ba najasa ba ce, kuma sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, Abu Huraira, daga 'yar kyanwarsa ya samo wannan alkunya. Saboda haka addini ya taƙaita dalilan ajiye kare, amma bai ba kowa izinin jifansa ko barinsa da yunwa ba. Hukuncin kare mai gadin gida a cikin gari kuwa, malamai sun yi bayani a kai, ku je ku tambaye su.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa wannan magana ta wuce batun tausayi ta zama batun rai. Ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara a duniya bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na mamatan a Afirka da Asiya suke. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in ƙannenku. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. In ta shiga jiki ta wurin cizo ko yakushi ko lasar wani rauni, sai ta bi jijiya a hankali tana hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kuma cizon da ya fi kusa da kai, kamar na fuska ko wuya, shi ya fi saurin isa. Wannan jinkirin shi ne ke yaudarar mutane. Rauni ya warke, an manta da zancen, sai wata rana yaro ya fara zazzaɓi da firgita, ya ga ruwa ya kasa haɗiya, a ce aljanu ne ko sammu. Daga lokacin da alamun nan suka bayyana, kusan babu wanda ke tashi, a Birnin Kudu ne ko a Ingila. Ba mutum kaɗai ba, saniya da jaki da akuya da kyanwa duk suna kamuwa, don haka mahaukacin kare ɗaya kan iya jawo wa makiyayi asarar da ta fi kuɗin allurar karnukan unguwa gaba ɗaya.

In aka ji haka, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne a tara samari da sanduna, ko a zuba guba, a kashe duk karen da ke yawo a huta. An gwada wannan a ƙasashe da dama, bai kawar da cutar ba, kuma dalilin a fili yake. Mafi yawan karnukan da ke yawo a garuruwa irin namu suna da masu su, sakinsu kawai aka yi. In aka kashe su, masu su za su samo sababbin 'yan kwikwiyo daga wani ƙauye, waɗanda ba a yi wa allura ba, kuma juji da mahauta suna nan suna kiran wasu karnukan su maye gurbi. Gubar da aka zuba kuwa ba ta tantance wanda za ta kashe, tana iya faɗawa kan kaji da kyanwa da ungulu har da ƙaramin yaro. Abin da ya yi aiki shi ne allura. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, aka kuma ci gaba da yi shekara bayan shekara, cutar takan rasa hanyar wucewa daga kare zuwa kare har ta mutu. Wannan hanya ƙasar Meziko ta bi har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2019 cewa ta raba mutanenta da haukan da ake ɗauka daga kare. Mu ma ba mu rasa kayan aiki ba, domin Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana haɗa allurar rigakafin karnuka. Ƙa'idar mai sauƙi ce, a yi wa kwikwiyo ko 'yar kyanwa allura in sun kai wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara ko yadda malamin dabbobi ya tsara, a kuma adana takardar shaida. Masu cewa allura tana kashe wa karen farauta gudu ko hanci, babu hujja a kan haka. Hasali ma karen da ke shiga daji yana artabu da dila da sauran namun dawa shi ya fi kowane buƙatarta.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, kare ko kyanwa suka ciji mutum ko suka yakushe shi, ku riƙe wannan da kyau, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira. Abu na farko, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa har minti 15 cur. Kowane sabulu ya wadatar, ko na wanki ne. Wannan wankin kaɗai yana rage haɗari sosai, kuma ba ya cin ko sisi. Kada a ɗaure raunin tamau, kada a cusa masa barkono ko toka ko gashin karen da ya yi cizon, kada a tsaya neman hantarsa don yin magani. Abu na biyu, a tafi asibiti a ranar, a gaya wa ma'aikacin lafiya cewa cizon kare ne, a nemi allurar kariya. In babu ita a asibitin da ke kusa, a nemi a tura ku gaba, ko da zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ne ko Dutse. Allurar ba guda ɗaya ba ce, akwai ta ranar farko da ta rana ta uku da ta bakwai, da abin da likita ya ƙara, kuma wanda ya yi ɗaya ya tsaya bai gama kare kansa ba. Wani zai ce, ai wane an yi masa maganin gargajiya ya warke. Amsar ita ce, ba kowane kare mai cizo ne mahaukaci ba, kuma ba kowane cizon mahaukaci ne ke shigar da cutar ba. Waɗanda suka tsira suna nan suna yabon mai magani, waɗanda ba su tsira ba kuwa ba sa nan balle su ba da shaida. Tun watan Yulin 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister allura a Faransa ya rayu, duniya ta san maganin da ke aiki. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su a yi.

A nan ne ma ake gane amfanin kare ya kasance da mai shi na gaskiya. Karen da ya yi cizo, in ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, ana tsare shi ne a wuri ɗaya da ruwa da abinci har kwana 10 ana lura da shi. In ya wuce kwanakin nan lafiya lau, to babu cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma ba a jiran cikar kwana 10 kafin a fara yi wa mutum allura, ana farawa ne ana lura. Abin takaici, mai kare yakan yi maza ya kashe shi ya binne, ko ya sayar wa fataken da ke bin ƙauyuka suna tara karnuka zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato, don gudun biyan kuɗin magani. Da haka ya ɓatar da shaidar da za ta kwantar wa iyayen yaro da hankali, ya kuma yiwu ya aika cutar wani gari. Ku kuma sani haukan kare iri biyu ne. Akwai mai faɗa, wanda ke gudu ba gaira ba dalili yana cizon duk abin da ya tarar, har itace da dutse, muryarsa ta sauya. Akwai kuma mai shiru, wanda muƙamuƙinsa ke saki, yawu yana dalala, ƙafafun baya suna mutuwa. Wannan na biyu ya fi yaudara, domin sai a ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa, mai tausayi ya zura hannu a bakinsa. Kada ku yi haka, ku nisanta yara ku kira malamin dabbobi. Ku koya wa ƙannenku kada su taɓa kare yana cin abinci ko barci ko shayarwa, kada su jefe shi, kuma in baƙon kare ya tunkaro su, su tsaya cak su kawar da ido maimakon su ruga. Mafi muhimmanci, yaro ya san ba za a doke shi ba in ya faɗi cewa kare ya cije shi, domin yara da yawa tsoron bulala ke sa su ɓoye.

Sai batun ci da sha, inda wata tsohuwar fahimta ta yi mana katutu, wai kare mai yunwa ya fi gadi, kyanwa mai yunwa ta fi kamun ɓera. Ku auna da hankali. Kare mai yunwa ba ya zama a gidan da aka ce ya tsara, yana can juji ko bayan mahauta yana faɗa da wasu karnuka, inda ake ɗaukar cuta, kuma duk wanda ya jefa masa ƙashi ya saye shi, har da ɓarawo. Kyanwa kuwa farauta ɗabi'arta ce, ƙosasshiya ma tana yi, kuma ita ce mai ƙarfin tsalle da haƙurin kwanto. Mai yunwa sai ta koma satar kifi da 'yan tsaki, ko ta ƙaura gidan da ake ba ta. Ba a ce ku sayo abincin gwangwani ba. Ragowar tuwo da ɗan romo, da kan kifi, da dafaffen tarkacen nama sun isa kare, babba sau ɗaya ko biyu a rana, kwikwiyo sau uku ko huɗu. Kyanwa ba ta rayuwa a kan tuwo kaɗai, jikinta na buƙatar nama ko kifi, kuma madarar shanu tana sa da yawansu gudawa. A guji ba su dafaffen ƙashin kaza, domin yana tsagewa ya soki maƙogwaro ko hanji, a kuma guji abinci mai yawan albasa da tafarnuwa, domin suna lalata musu jini. Ruwa kuwa kada ya yanke. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da lallage yake fitar da zafi, don haka ɗaure shi a rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana iya kashe shi cikin 'yan sa'o'i. A ware masa kaskonsa na ruwa da na abinci a inuwa, daban da kwanukan mutane, wanda hakan ya kuma raba ku da matsalar ƙwaryar da ya sa wa baki.

Wasu dabbobin ba sakaci ke kashe su ba, kulawar da babu sani ce. Mutum ya ga kyanwarsa ba ta da lafiya ya jiƙa mata farasitamol, alhali ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa wannan magani. Wani ya ga kaska ta cika kunnen karensa sai ya shafe shi da fiya-fiya ko maganin feshin gona ko baƙin mai, gubar ta ratsa fata ta kashe karen, ta kuma taɓa yaron da ya yi shafin. Ko maganin ƙuma da aka yi don kare, wani irinsa guba ne ga kyanwa. Maganin ɓera ma haka, in kyanwa ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma takan tafi, saboda haka gidan da ke da kyanwa tarko ya fi dacewa da shi. Kaska ana cire ta ne da ɗan hantsaki a kama ta daf da fata a ja a hankali, sa'an nan a share makwancin dabbar a ƙone sharar. Ƙazwa da kunnen da ƙuda ya cinye suna da magani a wurin malamin dabbobi. Tsutsar ciki kuwa a ba da maganinta kamar kowane wata uku, domin ƙwanta na fita cikin kashin kare ya zauna a ƙasar da yara ke rarrafe. Akwai kuma wani abu da mahauta da masu yankan layya ya kamata su sani. Huhu ko hantar da aka tarar da ƙulli mai ruwa a ciki, kada a jefa wa kare. Tsutsa ce ke cikin ƙullin, in kare ya ci sai ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya dawo kan tumaki da mutane ya yi irin wannan ƙulli a hantar ɗan Adam. A binne irin wannan nama da zurfi ko a ƙone shi.

Horo shi ne abin da ke raba kare mai amfani da kare mai jawo rigima, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas, domin a wurinta da 'yan'uwansa yake koyon iyakar cizo. Daga nan zuwa wata uku shi ne lokacin da ya fi karɓar sabo, sai a nuna masa mutanen gida da awaki da kaji da ƙarar babur, don kada ya girma yana ɗaukar kowa abokin gaba. A sa masa gajeren suna, a koya masa kalmomi kaɗan kamar zo da zauna da bari, kowa a gida ya riƙa amfani da kalma iri ɗaya. Horon ya zama na 'yan mintuna kullum, kuma duk lokacin da ya yi daidai a ba shi ɗan abin taɓawa nan take. Kare yana haɗa sakamako ne da abin da ya yi a wannan daƙiƙa, don haka wanda ya dawo da yamma ya doke shi saboda takalmin da ya tauna da safe bai koya masa komai ba sai tsoron dawowar maigida. Masu ganin duka da ɗauri dare da rana su ke sa kare zafi, sun samu zafin, amma sun rasa biyayya, kuma irin wannan kare in ya tsinke yaro yake fara kamawa. Ku duba ma yadda malaman fiƙihu suka siffanta horarren karen da abin da ya kamo ke halatta, shi ne wanda in an aike shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Ashe ma'aunin horo shi ne jin magana. A ɗaure shi a inuwa da igiya mai tsawo lokacin da baƙi da almajirai ke shige da fice, a sake shi cikin gida mai katanga ko danga da dare, a kuma riƙa fita da shi yana motsa jiki.

Kyanwa ba ta da wahalar kare, amma tana da nata ƙa'idodin. In an kawo sabuwa, a tsare ta a ɗaki ɗaya na 'yan kwanaki da abinci da ruwa har ta saba, in ba haka ba za ta nemi hanyar komawa inda ta fito. A ajiye mata tsohon kwano ko kwali da yashi a wani lungu nesa da abincinta, ita da kanta za ta gane amfaninsa, a kuma zubar da ƙazantar kullum a wanke hannu. Mace mai ciki kada ta yi wannan aikin, domin akwai wata cuta a kashin kyanwa da kan cutar da ɗan tayi. Yakushi ɗabi'arta ce ta gyaran farce, a ba ta guntun itace ko tsohuwar tabarma ta huta da katifa. Sa'an nan ga batun haihuwa, wanda ya shafi dabbobin biyu. Cikin karya da na kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, kyanwa kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. 'Ya'yan da ake zubarwa a bayan gari, waɗanda ba su mutu da yunwa ba su ne ke zama dabbobin da ba mai yi musu allura, mu kuma dawo muna kukan sun yi yawa. Hanyar da ta dace ita ce a tsare karya a gida cikin makonnin da take neman namiji, a nema wa 'ya'ya masu riƙo tun kafin a yaye su, kuma wanda ke da hali ya tuntuɓi likitan dabbobi kan aikin hana haihuwa, ya ji ta bakin malamai kan hukuncinsa. Kada dai wani ya ɗauki reza ya ce zai yi fiɗiya da kansa.

Saura babbar hujja, wadda ba zan raina ta ba. Za a ce mutane na fama da abin da za su sa a baki, buhun hatsi ya yi tsada, asibitin mutane ma ba a iya biya, sai a zo ana zancen lafiyar kare kamar a Turai? Talauci gaskiya ne, amma ku lissafa abin da na ambata. Inuwa da ruwa da ragowar abinci da sabulu da daina jifa, wanne ne a ciki ya fi ƙarfin talaka? Abin da ke cin kuɗi shi ne allurar shekara da maganin tsutsa, kuma allurar kare ɗaya ba ta kama ƙafar kuɗin jerin alluran da za a yi wa mutum ɗaya da aka ciza, balle a haɗa da kuɗin mota zuwa Birnin Kudu sau uku ko huɗu da ranakun aikin da za a rasa. Mai kuɗi in an ciji ɗansa zai nemo allura ko a Kano take. Talaka ne ke rasa ɗa, don haka shi ya fi kowa cin ribar rigakafi. Wanda kuma ya auna ya ga ko wannan kaɗan ɗin ba zai iya ba, babu laifi a kansa in bai ajiye ba, hasali ma ya yi abin da ya dace. Laifin yana kan saurayin da ya karɓo kwikwiyo don burgewa, bayan wata biyu ya gaji ya sake shi ga unguwa.

Ku matasa kuna da abin da ya sa wannan aiki ya fi dacewa da ku. Ku ne ke fita farauta, ku ne ke kiwo, ku ne ke da waya a hannu, kuma ku ƙanne ke kwaikwayo. Ƙasashen duniya sun sa wa kansu wa'adin 2030 don kawo ƙarshen mutuwar mutane daga haukan kare, kuma ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara an keɓe ta don wayar da kai a kan cutar. Wa'adin nan ba zai cika a takarda ba sai an yi wa karnukan garuruwa irin Basirka allura ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar samari ko ta 'yan farauta tana iya zagaya unguwa ta rubuta gidajen da ke da kare da kyanwa, ta kai wa mai unguwa da dagaci, a nemi sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukumar Gwaram ya sa rana a tara su wuri ɗaya, domin zuwan malami sau ɗaya don dabba talatin ya fi sauƙi da arha a kan kowa ya nemi nasa. Ɗalibi yana iya koya wa ajinsu wankin minti 15. Limami in an roƙe shi yana iya tunatar da jama'a hadisin kyanwar nan a huɗuba. Kafin duk wannan kuma, kowa ya fara da dabbar da ke gidansu, ya duba ko akwai ruwa a kaskonta, ya tambayi ranar da aka yi mata allura, in ba a taɓa yi ba ya nemi malamin dabbobi a wannan makon. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar duk abin da Ya sa a ƙarƙashin hannunmu, Ya kuma tsare mana zuriya.